Faifan Kamal Keila da ya yi shekara 26 a ajiye

A Khartoum da Omdurman, kiɗan matasa masu jita da ganga da ƙaho ya yi tashe daga shekarun 1960. 'Yan Sudan suna kiransa "jazz", jagoransa kuwa Sharhabil Ahmed ne, haifaffen Omdurman. Dokokin shari'a da Shugaba Numairi ya kafa a Satumban 1983 suka rufe wuraren rawa da yawa, juyin mulkin al-Bashir na 1989 ya ƙara matse makaɗa.

Kamal Keila, wanda ake wa laƙabi da James Brown na Sudan, ya ci gaba da waƙa a ƙasar. A 1992 ya naɗi waƙoƙi a gidan rediyon Omdurman, cikin Larabci da Turanci, yana kiran zaman lafiya tsakanin Musulmi da Kirista ana tsaka da yaƙin Kudancin Sudan. Wannan ba ƙaramar kasada ba ce a wancan zamani. Naɗin ya zauna a ajiye sai 2018, lokacin da kamfanin Habibi Funk na birnin Berlin ya gyara sautin, ya fitar da faifan Muslims and Christians. Keila ya rasu a Janairun 2021.

Kamfanin ya kuma farfaɗo da faifan ƙungiyar The Scorpions da Saif Abu Bakr na 1980, sannan na Sharhabil a 2020.

Gidan rediyon Omdurman kuwa, inda mawaƙiya A'isha al-Falatiya ta yi suna, ya faɗa hannun dakarun RSF a 2023, sojojin Sudan suka ƙwato shi a Maris 2024.