Alhaji Umaru na Kete-Krachi: Marubucin Hausa a Ƙasar Gonja

Idan ana koyar da tarihin rubutaccen adabin Hausa, akan fara ne da waƙoƙin masu jihadi na ƙarni na 19, sannan a tsallaka zuwa gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Tsakanin waɗannan matakai biyu akwai wani marubuci da ɗalibai ba su cika jin sunansa ba, saboda ya yi yawancin rayuwarsa nesa da ƙasar Hausa, a yankin da yake cikin Ghana a yau. Shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda ake kira Alhaji Umaru Salaga ko Imam Imoru.

An haife shi a Kano a wajejen 1858, amma asalin gidansu Kabawa ne. Mahaifinsa fataucin goro yake yi, kuma wannan sana'a ce ta haɗa gidan da Gonja. A wancan zamani ayarin fatake kan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da tufafi da kanwa, su yi watanni a hanya kafin su isa kasuwar Salaga, inda suke sayen goron da ake kawowa daga kurmin Asante. Salaga tana kudu maso gabas da Tamale. Hausar da ake ji yau a kasuwar Tamale da unguwanninta irin su Zogbeli, a gefen Dagbanci, wannan hanya ta goro tana daga cikin abubuwan da suka kawo ta. Malamai ma sun bi ayarin, da allunansu da littattafansu.

Umaru ya yi karatu mai zurfi a ƙasar Hausa. Tun yana saurayi, a 1877, ya rubuta wani littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa. Daga baya ya zauna a Salaga yana koyarwa, sai yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin. Kamar sauran 'yan kasuwa da malamai da yawa, ya koma Kete-Krachi a bakin kogin Bolta, wadda ta shiga hannun Jamusawa. Nan ya zama limami, nan kuma ya rasu a 1934, bayan ya yi aikin hajji ya dawo.

Waƙoƙinsa

Abin da ya bambanta Alhaji Umaru da yawancin malaman zamaninsa shi ne jigogin da ya zaɓa. Rubutacciyar waƙa a lokacin ta fi karkata ga wa'azi da madahu da furu'a. Shi ma ya yi irin waɗannan, amma ya waiwayi abin da ke faruwa a kasuwa da cikin gida. A Waƙar Talauci da Wadata ya nuna yadda ake wulaƙanta matalauci ko da yana da gaskiya, ake girmama mai dukiya ko da ba shi da hali. Waƙar tana da zambo da ban dariya, ga kalmomin yau da kullum, shi ya sa take da daɗin karantawa ga mai koyon harshe.

Zuwan Turawa ya dame shi ƙwarai, har ya yi masa waƙoƙi uku: biyu da Larabci, ɗaya da Hausa, wato Waƙar Nasara ta wajejen 1903. A cikinta ya bi garuruwa da sarakuna ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin yadda aka ci su. Ya kamata ɗalibi ya lura da wani abu a nan: mutumin da ya yi wannan kuka shi ne kuma yake aiki tare da jami'an Jamus a Kete-Krachi. Saboda haka ba daidai ba ne a karanta waƙar a matsayin kiran yaƙi kawai. Murya ce ta malamin da ya ga duniyar da ya sani ta juye, kuma dole ya ci gaba da zama a cikinta. Annobar mura ta 1918 ma bai bar ta ba, ya yi mata waƙa da Larabci, ya sa mata sunan Hausa, Tunkuyau.

Rubutun zube

Wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda ya wallafa ƙamusun Hausa a 1906, ya roƙe shi ya rubuta masa bayanin ƙasar Hausa. Umaru ya rubuta da ajami, a kan tarihin garuruwa da sana'o'i da aure da sauran al'adu. Wannan zube ya girmi littattafan gasar 1933 da fiye da shekara 20, kuma ya nuna cewa Bahaushe ya iya tsara dogon bayani a rubuce tun kafin boko ya kafu. An daɗe ana ambaton aikin da sunan Mischlich fiye da na mai shi.

A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara kwafe-kwafen rubuce-rubucensa daga hannun malamai. Douglas Ferguson ya fassara bayaninsa na ƙasar Hausa zuwa Ingilishi a kundin digirinsa na 1973, shi kuma Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warsaw ya fitar da wasu waƙoƙinsa, sannan a 2000 ya buga zubensa na ajami.

Al'adar yin waƙa da baƙaƙen Larabci a harshen gida ba ta tsaya ga Hausa ba a arewacin Ghana. A Tamale, Afa Ajura, wanda ya kafa makarantar Anbariyya ya kuma rasu a 2004, ya yi waƙoƙin wa'azi da Dagbanci, an kuma buga su tare da fassarar Ingilishi a 2021.