Kifin Hunturu na Kogin Sakramento

A ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe kifin salmon, ya gangara teku ya girma, sannan ya komo kogin da ya fito, ya zuba ƙwai a cikin tsakuwa ya mutu. Jinsin Chinook ne mafi girma a cikin salmon na Tekun Pasifik, kuma rukuni huɗu ne suke hawa Kogin Sakramento na jihar Kalifoniya ta Amurka, kowanne da lokacinsa. Rukunin da ke shigowa da hunturu, daga wajen Disamba, ba a samun irinsa a wani kogi ko'ina a duniya.

Da sanyi yake shigowa, amma ba ya zuba ƙwai sai zafi ya kama, tsakanin Afrilu da Agusta. Ƙwan kuwa ba ya jure ruwan da zafinsa ya wuce kimanin digiri 12 zuwa 13 a ma'aunin Salshiyas. Shi ya sa tun asali mazauninsa can sama yake, a kogunan McCloud da Pit da mafarin Sakramento, inda maɓuɓɓugai ke fitowa daga ƙarƙashin duwatsu da ruwa mai sanyi rani da damina.

Madatsar Shasta, wadda aka kammala a 1945, da ta Keswick da ke ƙasanta, suka toshe hanyar zuwa can. Kifin ya koma yin ƙwai a ɗan yankin kogi kusa da garin Redding, wurin da zafin bazara ke da tsanani. Abin da ke riƙe da shi a nan shi ne ruwan sanyi da ake sakowa daga ƙasan tafkin Shasta, wato madatsar da ta raba shi da gida ita ce kuma take ba shi rai. Ruwan nan kuwa manoma da birane duk suna jiransa.

A ƙarshen shekarun 1960 manyan kifin da ke komowa sun haura 100,000 a shekara. A 1991 ba su kai 200 ba. Gwamnatin tarayya ta sanya shi cikin halittun da ke fuskantar barazana a 1989, ta ɗaga shi zuwa matakin waɗanda ke dab da ƙarewa a 1994. Farin 2014 da 2015 ya nuna haɗarin zama a wuri guda: ruwan sanyi ya ƙare a tafkin, kusan kashi 95 cikin 100 na ƙwai da ƙananan kifi suka hallaka.

Gidan ƙyanƙyasa na Livingston Stone da ke gindin madatsar Shasta yana tallafa wa yawan kifin, an kuma fara mayar da shi rafin Battle Creek a 2018. A 2022 hukumomi tare da ƙabilar Winnemem Wintu, waɗanda McCloud ne kogin kakanninsu, suka kai ƙwai can. Da yake madatsar na nan daram, 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe sai an kama su an ɗauke su a mota zuwa ƙasanta kafin su kama hanyar teku.