Ja Da Fari A Ƙasar Daura: Zoɓorodo Da Nono Na Jiran Kwalba

Lokaci lokaci akan ji wani kamfani ya tara manyan baƙi a wani babban otal na Ikko ko Abuja domin ƙaddamar da sababbin kwalaben giyar inabi, ja da fara, waɗanda aka yo odarsu daga Faransa ko Sifen ko Afirka ta Kudu. Ita jar akan jiƙa ruwan baƙin inabi ne tare da ɓawonsa har ya yi launi, ita kuwa farar akan tace ɓawon tun da fari. Ga masu wannan sana'a, ranar ƙaddamarwa babbar rana ce, domin a ranar ne ake raɗa wa hajar suna, a yanka mata farashi.

Irin wannan biki ba shi da masauki a ƙasar Daura. Musulunci ya haramta giya tun kafin Bature ya san hanyar rijiyar Kusugu. Su kansu Turawa, a yarjejeniyar da suka ƙulla a birnin Burasal a 1890, sun amince kada a kai barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma da aka kafa mulkin mallaka a Arewa a 1900 aka sanya ta cikin wuraren da aka hana shigar da ita. A shekara ta 2000 kuma Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, haramcin ya ƙara ƙarfi. To amma rashin giya bai bar mutanen Daura da ƙishirwa ba. Suna da nasu jan, suna da nasu farin, wato zoɓorodo da nono.

Zoɓorodo ɗan yakuwa ne, ita kuwa yakuwa shuka ce mai haƙuri da jigawa da ƙarancin ruwa, irin ƙasar da ake da ita a Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa. Sau da yawa a gefen gonar gero ko gyaɗa ake shuka ta don ta zama iyaka. Ba a yar da komai nata: ganyen a yi miya ko kwaɗo, 'ya'yan a yi daddawar batso, furen kuwa a ɓare shi bayan kaka a shanya. Akwai ja, wanda ake dafawa da citta da kanumfari a zuba sukari, akwai kuma fari, wanda mata ke sa wa miya don tsami.

Wannan fure da muke ɗauka abin gefen gona, a wasu ƙasashe haja ce mai daraja. A Masar da Sudan karkade suke ce masa, a Sanagal bisap, a Meziko kuma ruwansa na cikin abubuwan shan da aka fi saye a titi, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suke sayar musu da shi. Fatake kan bi kasuwannin ƙauye su tara shi buhu buhu, a kai Kano a tsince, daga nan sai tashar jirgin ruwa ta Ikko. A Turai akan niƙa shi a ƙulla cikin 'yan jakunkunan shayi, a sayar da ɗan ƙaramin kwali a kan kuɗin da manomi ba ya samu a mudu da yawa. Wahalar tamu, ribar tasu.

Haka zancen yake ga nono. Kasuwar Mai'aduwa na cikin manyan kasuwannin dabbobi na kan iyakar Nijeriya da Nijar, kuma rugagen Fulani sun kewaye masarautar, amma shagunanmu cike suke da madarar gari ta ƙasashen waje. Da damina nono kan yi yawa har ya faɗi warwas, da rani kuma a neme shi a rasa.

Mene ne ya hana ja da farin Daura shiga kwalba? Babban dalili shi ne saurin lalacewa. Zoɓorodon da aka sa wa sukari, in babu sanyi, kwana ɗaya ko biyu ya isa ya fara tsami yana kumfa, domin ƙananan halittun da ido ba ya gani sun fara cin sukarin, kuma ta wannan hanya ce ruwan inabi yake rikiɗa ya zama giya. Maganin wannan kuwa, abin mamaki, daga masu giyar inabin ya fito. A 1865 masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya nuna cewa in aka ɗumama giya zuwa wani mizani ba tare da ta tafasa ba, ƙwayoyin da ke ɓata ta sukan mutu. Da wannan dabara ake tsare madara a duniya yau: a ɗumama ta zuwa digiri 63 na tsawon minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15, sannan a sanyaya nan da nan. Zoɓorodo ma in aka ɗura shi da zafinsa cikin kwalba mai tsabta aka toshe, yakan daɗe.

Dalili na biyu shi ne tsabta. Yawancin abin da ake sayarwa a tasha da ƙofar makaranta cikin tsofaffin gorunan ruwa ake ɗura shi, ba a san hannun da suka fito ba. Duk mai son hajarsa ta shiga manyan kantuna sai ya sami lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita kuwa sai ta ga ɗakin aiki da ruwa mai kyau.

A nan ne aiki ya hau kan ma'aikata da ɗalibai. Ya kamata malaman gona na ƙananan hukumomi biyar na masarautar su koya wa manoma shanya fure a kan tabarma ko leda maimakon ƙasa, su kuma taimaki mata su haɗa ƙungiyoyin gama kai don sayen tukwane da kwalabe. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura kuwa, ga abin bincike nan a ƙofar gidansu: nawa ne mizanin sukari, kwana nawa kwalba za ta yi, yaya za a sanyaya nono da hasken rana a ruga. In aka yi haka, wata rana Daura ma za ta gayyaci baƙi bikin ƙaddamar da nata ja da fari, wanda malami da almajiri za su sha ba tare da wani ɗar ba.