Laifin Ba Na Gashin Mage Ba Ne

A ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, mage mai gadin rumbu ce kafin ta zama abin ado. Gidan da ya tara gero da dawa da buhunan riɗi yana buƙatarta, balle yanzu da zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa, yake bayyana duk rani a jihar Bauchi mai iyaka da Gwaram. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa kiwon mage cikin hanyoyin rigakafinsa. Sai dai akwai gidajen da mage na shiga, yaro zai fara atishawa, ido ya yi ja, mai asma kuma ƙirji ya riƙe. Nan ne dillalan Facebook ke tallata magen Turai mai tsada, wai ita ba ta tayar da borin jini. Wannan magana ba ta da tushe.

Abin da ke tayar da ciwon wani sinadari ne da likitoci ke kira Fel d 1, wanda ke fitowa daga yawun mage da maiƙon fatarta. Idan ta lashe jikinta sai ya bushe, ya tashi cikin iska, ya manne a tabarma da zanin gado da tufafi. Gashi ɗan dako ne kawai. Shi ya sa Sphynx, magen da kusan ba ta da gashi, take sa atishawa kamar kowace. A 2006 kamfanin Allerca na Amurka ya riƙa sayar da mage kan dala kusan 4,000 da alƙawarin ba ta tayar da ciwon, amma bai taɓa gabatar da binciken da masana suka tantance ba.

Wani zai ce ya san mai borin jini da ke zaune lafiya da magen Sibiriya. Ana samun haka, domin yawan sinadarin ya bambanta daga mage zuwa mage, har tsakanin 'yan uwa ɗaya. Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne muzuru ya fi macen fitar da shi, kuma fiɗiya tana rage shi. Ke nan macen mage ta gida, wadda maƙwabci zai bayar kyauta, tana iya fin muzurun da aka sayo daga Abuja sauƙi ga ƙirji. Wani kuma zai ce ai ƙurar hunturu ce ke kawo atishawar. Wannan ma abin dubawa ne, kuma damina ke raba gardama: atishawar da ta ci gaba bayan ƙura ta kwanta ta cancanci ganin likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Mai son ɗauko mage ya fara kai wanda ake wa fargaba ya zauna kusa da ita, ita ɗin dai, sau da yawa. In an ɗauko ta, wurinta tsakar gida da gindin rumbu; kada ta shiga ɗakin kwana. Gidan da ke da mai asma mai tsanani kuwa ya haƙura da ita, ya nemi tarko da mazubi mai murfi, domin ko an fitar da mage, sinadarin yakan yi wata biyar zuwa shida kafin ya ragu a ɗaki.