Salula: Wane Layi Ne Ya Dace Da Aljihun Ɗan Kasuwa Da Na Ma'aikaci?

Duk wanda ya yi wayo a cikin shekarun 1990 bai manta da wahalar da ake sha ba kafin a isar da magana ɗaya daga Maraɗi zuwa Yamai. Ko dai mutum ya je gidan waya ya yi ta jira, ko ya shiga telesantar yana magana idonsa na kan agogo, ko kuma ya rubuta wasiƙa ya kai tasha ya damƙa wa direba, ya koma gida yana fatar kada ta kwana cikin aljihun yaron mota. A yau kuwa tarho yana hannun mai shayi da mai faskare, har makiyayi a bakin rijiya yana da nasa. Sai dai sauƙin ya zo da tasa ɗawainiya, domin kuɗin suna zurarewa kullum, dala ashirin nan, dala arba'in can, ba tare da mai su ya farga ba. Shi ya sa a wannan mako muka ga ya dace mu duba yadda mutum zai zaɓi layin da ba zai cinye masa aljihu ba, kuma ba zai ba shi kunya ranar buƙata ba.

Kafin nan, bari mu tuna inda aka fito. A shekarar 1997 aka kafa kamfanin SONITEL, wanda ya gaji aikin tarho daga tsohon ofishin gidan waya. Kamfanin Celtel ya fara aiki a 2001, ya koma Zain a 2008, sa'an nan ya zama Airtel a 2010. Telecel ya koma Moov, kuma tun 2021 ake kiransa Moov Africa. Orange ya shigo Nijar a 2008, ya sayar da hannunsa a 2019, daga nan aka samu Zamani. A 2016 gwamnati ta haɗe SONITEL da reshensa na salula, wato SahelCom, suka zama Niger Telecom. Hukumar ARCEP kuma, wadda aka kafa a 2018, ita ke sa ido kan farashi da ingancin aikin kamfanonin. Sunaye sun sauya, launin kati ya sauya, amma tambayar mai saye tana nan inda take: wane ne zai isar mini da maganata a kan kuɗi kaɗan?

Fara da inda ƙafarka take

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Farashin da aka rubuta a kan allon talla ba shi ne farkon abin dubawa ba. Abu na farko shi ne rezo, wato ƙarfin layin a wurin da kake kwana, da wurin da kake neman abinci, da ƙauyen da iyayenka suke. Layin da ke cika a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Doso da Ƙonni da Maraɗi har Damagaram, yana iya ɓacewa da zarar mota ta saki kwalta ta shiga daji. Kuma ƙarfin da ya isa a yi magana ba lalle ne ya isa a buɗe intanet ba, domin kiran murya yana tafiya ko a kan 2G, alhali aika hoto ko bidiyo yana son 3G ko 4G.

Saboda haka kada ka dogara ga talla. Tambayi maƙwabcinka na rumfa, tambayi abokin aikinka na ofis, tambayi direban da ke zuwa garinku ranar kasuwa. Ka gwada layin a cikin ɗaki, ba a tsakar gida kaɗai ba, ka kuma gwada shi bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ke kan waya. Ka lura da shi a watannin zafi, sa'ad da wuta ke yawan ɗaukewa, domin eriyar kamfani ita ma da lantarki ko gazuwal take aiki. Mai sayen albasa a Galmi wanda kiransa ya yanke ana tsakiyar ciniki, ragin dala goma a kan kati ba zai maida masa motar kayan da wani ya riga shi ba.

Su wa kake kira?

Abu na biyu, ɗauki takarda ka rubuta mutane goma da ka fi kira, ka duba layin da kowannensu yake riƙe da shi. A galibi kiran da ya tsaya cikin kamfani ɗaya ya fi araha bisa wanda ya ƙetara zuwa wani, kuma mafi yawan kyautar mintoci da ake shela a rediyo ba ta aiki sai tsakanin masu layi iri ɗaya. In bakwai daga cikin goman nan suna wuri guda, to, zaɓi ya kusan yin kansa. Wannan ne dalilin da ya sa waya mai layi biyu ta samu karɓuwa a ƙasarmu. Amma layi biyu baki biyu ne da za a ciyar. Dabarar ita ce a ba kowanne aikinsa, ɗaya na kira, ɗaya na intanet ko na tafiye-tafiye, ba a riƙa zuba wa dukansu kati ba lissafi.

Wa'adi shi ne tarkon

Kamfanoni suna sayar da mintoci da megogi a dunƙule, abin da ake ce wa forfe: na yini, na mako, na wata. Kowanne yana da wa'adinsa, kuma sau da yawa abin da ya rage in wa'adin ya cika ya tafi ke nan. Bari mu yi lissafi a matsayin misali. Wanda ke sayen forfen dala arba'in, wato sefa 200, kowace safiya, yana kashe jika 6 a wata, jika 72 a shekara. In aka tuna cewa mafi ƙarancin albashi da doka ta yanke an ɗaga shi zuwa jika 42 ne a watan Janairu na 2024, za a ga kuɗin nan sun haura albashin wata ɗaya da rabi na ƙaramin ma'aikaci. Ga shi kuwa mai sayen bai taɓa jin ya fitar da wani abin kirki ba.

Forfen wata ya fi sauƙi in aka raba kuɗinsa bisa yawan megogin, amma da sharaɗin a cinye shi. Wanda ya biya jika 5 ya yi amfani da rabi kaɗai, ya sayi kowane mega ninki biyu na farashinsa. Don haka ma'aikacin da albashinsa ke zuwa sau ɗaya a wata, gara ya ware kuɗin waya ranar da ya karɓa, kamar yadda yake ware na haya da na ruwa, ya sayi daidai buƙatarsa. Ɗan kasuwa kuwa, wanda aikinsa ke da kaka da rani, babu laifi ya ɗauki babba lokacin da wake da aya da albasa ke fita, ya sauko zuwa ƙarami in kasuwa ta kwanta.

Masu ƙetara iyaka

Ga fataken da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, ko Ƙonni zuwa Illela, ko Magarya zuwa Kano, akwai wani abin lura. Amfani da layin Nijar a ƙasar waje yana da farashinsa dabam, kuma a garuruwan bakin iyaka waya takan kama eriyar Nijeriya da kanta, mai ita yana zaune cikin shagonsa. Maganin abin shi ne a shiga saitin waya a zaɓi rezo da hannu. Wanda ke yawan kwana can kuwa, layin can ya fi masa. Ta ɓangaren yamma, a watan Nuwamba na 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso sun sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar sauƙaƙa kuɗin kira ga matafiya tsakanin ƙasashen uku. Nijeriya ba ta cikinta, kuma ko mai zuwa Wagadugu ya kyautu ya tambayi sharuɗɗan a ofishin kamfaninsa kafin ya hau mota.

Ƙananan ɓeraye

Akwai kuma abubuwan da ke cin kati a ɓoye. Waƙar da mai kira ke ji, da saƙonnin labarin ƙwallo, da wasannin cin kyauta, yawancinsu ana cire kuɗinsu ne a kai a kai har sai an soke su. Bidiyon da ke sauka da kansa a WhatsApp yana cinye abin da zai ishi mutum kiran murya na tsawon lokaci, kuma ana iya hana shi cikin saiti. Bashin kati da kamfani ke bayarwa yana da ladansa da ake cirewa. In forfe ya ƙare intanet na buɗe, wayar tana iya komawa cin asalin kuɗin da ke ciki a kan farashi mai tsada. Sa'an nan a tabbata an yi rajistar layi da sunan mai shi da katinsa na ɗan ƙasa, musamman in da shi ake ajiya ko aiken kuɗi, domin ranar da waya ta ɓata, wanda sunansa ke rubuce shi ake maida wa lamba. Lambar sirri kuma ba a faɗa wa kowa ita, ko da ya ce daga kamfani yake kira.

Shawararmu ga mai karatu ita ce ya sami ɗan littafi ya rubuta duk abin da ya zuba wa wayarsa na tsawon kwana 30, da inda layi ya yanke masa, da abin da ya rage ranar da wa'adi ya cika. Ɗan kasuwa ba ya sayen buhu sai ya zura hannu ya ga ƙwayar, ma'aikaci kuma ba ya sa hannu kan takardar da bai karanta ba. In wata ya ƙare, littafin nan zai nuna masa layin da ya dace da shi fiye da duk wani mai talla. Allah ya sa albarka cikin abin da muke samu.