Cutar MS da kuɓucewar fitsari: rage shan ruwa ba magani ba ne

Cutar da likitoci ke kira MS tana samuwa ne idan garkuwar jiki ta juya ta fara cin rufin da ya lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Ta fi yawa a Turai da Amurka, ta fi kama mata, galibi 'yan shekara 20 zuwa 40, amma a nan ma akan gamu da ita. Kusan takwas cikin goma na masu ita suna fama da mafitsara, sai dai kunya ke hana su faɗa.

Wannan ba yoyon fitsarin da mata ke samu bayan doguwar naƙuda ba ne. Mafitsarar ba ta huje ba, saƙon da ke tsakaninta da ƙwaƙwalwa ne ya rikice. Wani, fitsari zai matse shi farat ɗaya, kafin ya kai bayi ya zubo. Wani kuma mafitsararsa ba ta juyewa duka, ragowar ta kwanta tana ɗiga. Daga waje kamanninsu ɗaya, maganinsu kuwa daban. Ƙwayar kwantar da mafitsara, irin su oxybutynin, tana taimakon na farko, amma tana ƙara wa na biyu riƙe fitsari. Shi ya sa likita kan ɗauki hoton mara bayan an yi fitsari. Idan ragowar ta haura mililita 100, sai a koya wa mutum sa siririyar roba da kansa, ya juye, ya cire. Ƙwayar kuwa, kada a saya a kemis a sha da ka.

Babban kuskure shi ne ƙaurace wa ruwa don gudun jin kunya a cikin jama'a. Fitsari sai ya yi kauri ya ƙara tsokanar mafitsara, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, ciki kuma ya ɗaure. Abin ragewa shi ne shayi da kofi, da goro ma, duk da wuyar rabuwa da shi. Ruwa a sha da rana, a sassauta dab da kwanciya.

Bayan gida ma haka. Sau da yawa zawon da ke ɓata wando taurin ciki ne ya haife shi: kashi ya toshe hanya, ruwa-ruwan ya zagayo ta gefe. Maganin tsayar da zawo sai ya ƙara dagula lamarin. A yawaita wake, zogale da miyar kuɓewa, a kuma saba wa ciki lokaci guda, kamar minti 20 zuwa 30 bayan karin kumallo.

Game da alwala, shari'a ta yi sassauci ga mai irin wannan lalura, a tambayi malami, kada a bar salla. Iyali kuma su daina tsangwama, ba ƙazanta ba ce.

In an ga zazzaɓi, zafin fitsari, ko fitsarin ya yi duhu yana wari, a garzaya asibiti a ranar, domin ciwon mafitsara yana tayar da sauran alamomin MS, yana kuma iya haurawa ƙoda.