Manomin Gyaɗa da Akwatin Ƙuri'a

Yawancinmu mun san Jimmy Carter a matsayin Shugaban Amurka daga 1977 zuwa 1981. Amma kafin wannan ya yi soja, ya kuma zauna a majalisar dokokin jiharsu ta Jojiya, kuma da ƙyar ya shiga wannan majalisa.

An haife shi a 1924 a wani ɗan gari, Plains. Ya gama makarantar hafsoshin sojan ruwa a 1946, ya yi aiki cikin jiragen da ke tafiya ƙarƙashin teku. A 1953 mahaifinsa ya rasu, sai ya tuɓe kaki ya koma gida, ya kama noman gyaɗa da sayar da iri, yana kuma koyarwa a makarantar Lahadi.

A 1962 ya nemi kujerar majalisar dattawa ta jiha. Ran zaɓe, a garin Georgetown, wani mai faɗa a ji ya tsaya kusa da akwati yana gaya wa mutane wanda za su zaɓa. Da aka ƙirga, sai ga ƙuri'a 420 a cikin akwatin, alhali mutum 333 kaɗai aka rubuta sun yi zaɓe. Har matattu sun jefa tasu! Aka ce Carter ya faɗi.

Da yawa a cikinmu da mun ce a bar wa Allah, mu koma gona. Shi kuwa bai tada rikici ba, bai kuma yi shiru ba. Ya bi gida gida yana neman shaidu, ya ɗauki lauya, ya kai ƙara. Alƙali ya soke ƙuri'un akwatin nan duka. A Janairu 1963 aka rantsar da shi.

Ya yi alkawari ba zai jefa ƙuri'a kan wata doka ba sai ya karanta ta. Mu malamai mun san wahalar duba littattafan yara arba'in, balle takardun doka ɗaruruwa. Har darasin saurin karatu ya shiga don ya cika maganarsa. Ya yi shekara huɗu a majalisar, galibin himmarsa kan makarantu.

Daga baya ya zama gwamna a 1971. Mutanen ƙauyukanmu kuwa ta wajen yaƙi da kurkunu suka fi saninsa, aikin da cibiyarsa ta soma a 1986. A 2013 aka tabbatar ciwon ya ƙare a Nijeriya. Ya rasu a Plains cikin Disamba 2024, yana da shekara 100.